Taliyar Saude a Wutar Kara

Ni ce ta farko da ta yi wa Saude dariya a layinmu na Talata Mafara, don haka ni ya kamata in fara yabonta.

Shekara huɗu ke nan da suka baro Gidan Goga, ita da mijinta Hashimu da 'ya'ya biyar da surukinta Baba Labbo. Suka kama ɗaki biyu jikin katangarmu. Hashimu na dako a kasuwa, ita kuma tana shiƙar shinkafa a injin casa, ba ta dawowa sai rana ta yi ja. Mace ce 'yar siririya mai saurin hannu, ba ta iya zama ba, ko gaisuwa a tsaye take yin ta. Da farko na ɗauka girman kai ne.

Damuwar gidan ita ce itacen girki. Tuwon mutum takwas ba ƙaramar wuta yake ci ba, ga itace ya yi wuya tun da daji ya gagari mutane saboda 'yan bindiga. Kwana uku a jere sai gari da ƙuli. Ran na huɗu Hashimu ya aro gatari, ya ce da asuba zai shiga daji. Kowa ya san ƙanensa Zubairu neman itace ya fita, har yau ba labari.

Saude ba ta yi gardama ba. Ta leƙo ta katanga.

"Lailatu, ara mini kaskonki na ƙosai, da karan dawa in kina da shi."

"Kara? Mi za ki dahwa da kara, ruwan wanka?"

Kara dai an san halinsa, ya tashi bal-bal ya mutu kafin tukunya ta ji ɗumi. Gulma ta sa na bi kaskona.

Ashe ta taɓa wanke-wanke a sansanin masu aikin hanya wajen Bakura, inda wani kuku ɗan Caina yake girki. Ba ya jin Hausa, ba ta jin yarensa, ido kawai ta sa. Abin da ta lura da shi, wutarsa mai ƙarfi ce amma ba ta daɗewa.

Kafin ta ƙyasta ashana ta gama yanka komai: kabeji siri-siri, karas, albasa, attaruhu, citta da tafarnuwa. Taliyar murji ta tafasa sama-sama ta tsame. Baƙin ruwan da kukun yake zubawa ba ta da shi, sai ta jiƙa daddawa ta tace. Ta cusa kara, wuta ta tashi har tana lasar bakin kasko. Man gyaɗa, ƙwai uku, kayan miya, taliya, tana juyawa ba tsayawa, tana tura kara da ƙafa. Kafin ladan ya gama kiran magariba ta sauke.

Na ɗanɗana. Kabejin yana ƙaras-ƙaras.

"Saude, wanga ai ɗanye na!"

"Haka a ka son shi," in ji ta. Na ƙara loma don in tabbatar, na sake ƙarawa, sai da ta janye tiren.

Amma ba bakina take jira ba. A gidan, abin da Baba Labbo ya kira abinci shi ne abinci. Tsoho ne da ya shekara saba'in yana kwana da tuwo a ciki. In ya ce a'a, Hashimu sai daji. Da shi da Hashimu suka dawo daga masallaci, ta durƙusa ta ajiye masa kwano.

Ya ci a hankali har ya suɗe kwanon, sannan ya dubi ɗansa.

"Hashimu, mai da ma mutane gatarinsu. Wanga za mu riƙa ci."

Haka aka yi. Yau gida shida a layinmu suna wannan girki, har da ni mai dariya, kodayake tawa kullum sai ta caɓe.

Sati guda bayan wancan daren na iske Saude tana hawaye bakin murhu. Ta ga tsohon a bayan ɗaki yana kurkure baki, da jini a ruwan. Haƙoransa huɗu ne kacal, dadashi yake tauna karas da shi. Ta same shi ta ce, "Baba, don mi ba ka hwaɗa ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, ɗa guda ya rage min."

Tun ranar, in ta kwashe na kowa, sai ta bar nashi a kasko, ta yayyafa ruwa, ta rufe, ta ƙara kara biyu. Ita da ba ta iya zama ba, nan take tsugunawa ta jira har ya yi laushi.