Littattafan da Na Saya wa Saude da Hannuna

Da damanar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mai ɗakina, Saude. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata dariyar da ta sha yi mini.

Ita ta gama firamare a Maradun, ni kuwa daga aji biyu na fece zuwa gonar shinkafa a Bakura, har yau ban koma ɗauko takalmina ba. Saude ba ta roƙona atamfa ko turare. Duk ranar kasuwar Talata Mafara abu guda take cewa: "Malam, a taho mini da littafi."

An ce kishi kumallon mata, to ni dai na sha aman nawa. In na tsaya gaban mai littattafai, bango nake dubawa, tunda baƙin rubutu bai san ni ba. Duk wanda na ga an zana saurayi da ƙaton agogo da mota, sai in ture shi gefe. Ba zan kai wa matata kyakkyawan namiji har ɗaka da hannuna ba. Wanda na ga mace ita kaɗai, da jaka a kafaɗa, shi nake ɗauka, in taho ina yaba wa kaina wayo.

Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Wata rana bayan la'asar na ce ta karanta mini in ji. Sai ga labarin wata ma'aikaciya a Kaduna, ba miji, ɗakinta nata, makullinta a jakarta, ta ci abin da ta ga dama, ta kori masu neman aure uku a shafi guda. Na ce, "Wanga dai an yi kuskure. Sauran fa?"

Ta ce, "Duk haka suke, Malam. Ai ka iya zaɓe."

Tun daga ranar barcina ya ragu. Da namiji ne kishiyata, da na san inda zan tare shi. To yaya mutum zai yi faɗa da rayuwar da babu shi a ciki? In na ga ta yi shiru tana tsince shinkafa, sai in ce a raina ga ta can Kaduna tana buɗe ƙofarta. Sau ɗaya na daure na tambaye ta: da an ba ta zaɓi, ni ko birni? Ta dube ni ta ce, "Ci tuwonka kar ya huce." Da wannan amsa ta bar ni har ta koma ga Mahaliccinta.

Yanzu labaran sun koma cikin waya, har karanta wa mutum ake yi, ba sai ya san baƙi ba. Na kan ce da Saude na nan, da ba ta ƙara buƙatata ko ranar kasuwa. Autarmu Hafsatu kuma tana aikin jinya a Gusau, tana zaune ita kaɗai, aure ta ce sai ta ga wanda ya yi mata. Mutanen unguwa na ta surutu. Uwarta kuwa, da tana raye, da guɗa za ta yi.

Da ƙaramar sallah, da ta zo gida, na kasa haƙuri na ce, "Auta, Innarki ta taɓa faɗa miki abin da za ta zaɓa?"

Ta ce, "Birni, Baba. Ba ta ko yi tunani ba."

Na ajiye kofin shayina.

"Amma ta ce da kai za ta tafi, don birnin da babu wanda za ta yi wa dariya ba birni ba ne."

To, ga matsayina ke nan bayan shekarun zama: na biyu na zo, kuma a matsayin abin dariya. Na karɓa. Abin da Saude ta bari yana can Gusau, yana duba marasa lafiya, yana takawa da irin tafiyarta, yana mayar mini da magana da irin bakinta. Har yau ina kishin birnin nan, don ya samu ɗiyar, ya kuma samu zuciyar uwar. Ni kuwa ta ce za ta tafi da ni, sai ga shi ta yi tafiyar ita kaɗai.