Sandar da nake ɓoyewa a bayan masallaci

Shekarun baya, farkon ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, lodin shanu nake yi a kasuwar Shinkafi. Wata ranar Alhamis muna tura wani bijimi cikin mota, ƙafata ta dama ta maƙale tsakanin katakai, san ya fizge ni. Jikina ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Na ji wani abu ya ce ƙas cikin gwiwa. Kafin a kai ni gida Kaura, ta kumbura kamar ƙullun fura.

Maɗori ya lalluba ya ce babu karaya, jijiya ce. Malamin asibitin unguwarmu ya ce shi ma jijiyar yake zargi, amma sai likitan ƙashi ya gani a Gusau, kuma ba zan samu ganinsa ba sai bayan sati uku. Kafin nan, in kumburi ya sauka, in riƙa takawa a hankali da sanda a wuri mai laushi, in riƙa ɗaga ƙafar a miƙe ina kwance. Ban da tsuguno, ban da kaya, ban da juyawa a kanta. Salla kuma a zaune.

Mahaifiyata ta ce wannan malami bai san ciwo ba, in kwanta kawai ta riƙa gasa mini. Abokina mai kabu-kabu ya ce jijiya kamar fata take, in ba a ja ta ba bushewa take yi, in daure in riƙa lanƙwasa ta da ƙarfi. Kaina ya ɗaure. Wani ya ce kwanta, wani ya ce matsa mata, shi kuma mai farar riga ya ce yi tafiya amma kada ka durƙusa. Ni a sanina ƙafar da ta iya zuwa bakin titi ai ta iya sujada. Sai na riƙa bin kowa kaɗan-kaɗan: da safe ni na mahaifiyata ne, da hantsi na malamin asibiti, da yamma na abokina.

Amma ba ruɗewa ce kaɗai ta cuce ni ba, Allah ya yafe mini. A da ni ba mai kula da jam'i ba ne. Da masallatai suka cika a wancan lokaci, sai na zama ɗan sahun farko, har ina yi wa masu makara gori. To yaya za a gan ni a gefen sahu na miƙe ƙafa tare da tsofaffi? Gani nake za a ce tuban jiya ya gaji. Don haka in na zo, sai in jingine sandata a bayan masallaci, in shiga ina cije baki.

Kwana tara ina haka. A na goma, a La'asar, na yunƙura daga sujada sai gwiwar ta zame kamar ba tawa ba. Na kai hannu na cafki rigar wani dattijon Bafulatani da ke kusa da ni, muka zube tare. Ya tashi ya ci gaba da sallarsa, ni na ƙarasa a zaune, zufa na karyo mini.

Bayan sallama ya dubi gwiwar, ya dube ni, ya ce, "Samari, wagga ƙafa taka ce ko ta aro? Wanda kaka yi wa sallar ya yarda ka zauna. To wa kaka tsayawa dominai?"

Shi ya aika aka ɗauko sandar, don ashe kullum yana ganin inda nake ajiye ta.

Sauran kwanakin na bi maganar malamin asibiti ita kaɗai, kuma na ji sauƙinta. Da na je Gusau, likita ya ja ƙafar gaba da baya, ya ce jijiya ta yage. Ya tambaye ni ko ta taɓa zamewa bayan ranar farko. Na ce a'a. Har yau ban san abin da ya sa na yi wannan ƙarya ba, ga mutumin da ba unguwarmu ɗaya ba.

Na warke daidai gwargwado, amma lodi ya fi ƙarfina, na koma awon hatsi a Kasuwar Daji. Abin da na koya shi ne, jiran likita ba kwanciya ba ce, ba kuma gwada ƙarfi ba ne, kuma a cikin masu ba ka shawara akwai girman kanka, wanda ya fi kowa iya magana.

Wani lokaci nakan zauna ina tunanin ko san ne ya raba ni da sana'ata, ko kuwa sujadar nan ta La'asar. Mutum ɗaya ne zai iya gaya mini, kuma shi na ɓoye wa.