Dashen da Baba ya ce ni ne

Ni mutum ne da ko daga bayan kogi na hango bishiya zan faɗi sunanta da na kakarta. Amma ta tsakar gidana a Malali ta gagare ni. Jiya da reshenta ya faɗo kan kwanon rufi sai na tuna Baba, yayan mahaifina.

Baba ba ya ganin mutum bai laƙaba masa bishiya ba: wane kuka ce, wane ƙaya ce. Da na tare a gidan nan, a alif ɗari tara da tamanin da wani abu, ya zo daga Unguwar Kanawa da dashe a gwangwanin madara, bakinsa jawur da goro. Ya dasa, ya danne gindin da diddige.

"Baba, wace iri ce?"

"Kai ne. In ta girma ka gane."

Ya rasu kafin ta kai tsayina. Har yau ba fure, ba 'ya'ya, ga saiwarta ta tsaga katanga, magini ya ce a sare. Gatari ya gaji da ɗauka da ajiyewa. In yabo ne, ba na so in sare yabona. In zagi ne, ina so in san irinsa tukuna. Allah ya jiƙan Baba, ya kwantar da shi a inuwar da ba ta gushewa.

Na tambayi maiɗakina ko ita ta gane. Ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Malam, ga cin wuri, ga zubar da shara, kullum ni ke sharewa. Me ya rage ba ka gane ba?"