Abdul-Mumin, Direban da Ya Yi Rigima da Iska

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Yuni, 2025, ina shagona na facin taya a unguwar Kaladan aka zo mini da labarin rasuwarka, Abdul-Mumin ɗan ƙanwata. Motarka ta shige ƙarƙashin wata tirela a hanyar Yendi. Kai kaɗai ne a ciki, za ka ɗauko mata masu nono.

Tun da ka sayi motar nan mai aiki da fetur da batir, ba ka da abokin gaba sai iska. Ka ce ita ke shanye man. Ka kwance ƙarfen ɗora kaya na saman motar, ka lulluɓe ƙarƙashinta da faifan roba, har bakin ƙafafun baya ka rufe. Kullum da safe kana ƙofar shagona a gwada maka iskar taya. Ina tsokanarka da cewa saura ka aske wa fasinja kai.

Daga baya na gane dalili. Mai ya yi tsada, direbobi suka daina shiga rugage, kai ba ka daina ba, don motarka ba ta shan mai da yawa. Humu, wata dattijuwa mai nono, ta shaida mini nononta bai taɓa tsami a hanya ba, yana isa unguwar Changli da sanyinsa.

Amma akwai dabara ɗaya da na tsana, kuma ka koya wa ƙanenka Latif: ka manne a bayan babbar mota don ta tare maka iska. Na yi faɗa har na gaji. Sai ka yi murmushi ka ce, "Kawu, ita ke ja na, ni ina hutawa." Ranar nan tirelar ta taka burki saboda shanu, ba ka sami wurin tsayawa ba. Ina jin haushinka, ina kuma kewarka.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Basiratu haƙuri, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka Hajja.

Kai kuma Latif, jiya an gan ka a hanyar Dungu, hancin motarka a gindin tankar mai. Ka gaji komai na yayanka, amma kada ka gaji wannan. Hajja ta haifi maza biyu, kai kaɗai ka rage mata, kuma ba ta cin abinci sai ta ji tsayuwar motarka.