Jajayen Wayoyin Dabo

Dabo ba ya gama aiki. Shi da kansa yake faɗa tun kafin wani ya faɗa masa. In aka kai masa gyaran rediyo sai ya ce, "Buɗewa na iya, rufewa kuwa sai ka dawo ka tsaya bisa kaina." Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi, saboda haka ba zan yi masa kwalliya ba don ya rasu. Ya fara koyon ɗinki a Anka, ya bari. Ya koma Gummi wajen masu gyaran wayar mota, ana gab da yaye shi ya gudo gida. Ɗakin da ya gina wa matarsa Hure har yau taga ɗaya ba murfi, da buhu ake toshe ta. A masallaci ma shi ne na farkon miƙewa bayan sallama, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Abin da ya daɗe a hannunsa shi ne wata tsohuwar a-kori-kura, wadda a da fara ce. Ita kaɗai ce mota a ƙauyenmu, can bayan Sunke. Ita ke kai gero Bukkuyum, ta kai awaki Gummi, ta ɗauko amarya, ta kai mai naƙuda asibiti. Da haƙar zinariya ta kankama, ita ke kwaso buhunan dutse daga bakin rami zuwa cikin gari.

Wata shekara ɓeraye suka cinye wayoyin motar. Dabo ya sayo naɗin waya guda a kasuwar Gummi, irin wadda ake ja wa wutar gida, ya sake su duka da ita. Ja ce. Kowace waya a motar nan ta zama ja, ta fitila da ta ham da ta batir. Ba a daɗe ba makulli ya karye a cikin gidansa. Sai ya ɓalle gidan makullin gaba ɗaya, ya bar wayoyi huɗu suna lilo a ƙarƙashin sitiyari. In zai tayar da mota sai ya murɗe biyu, ya goga ta uku a kansu, motar ta yi tari ta kama. Ko dubawa ba ya yi, yatsunsa sun san su. In ta faɗa rami murɗin ya kwance ta mutu, sai ya sunkuya ya sake murɗewa yana ci gaba da labarinsa.

Ya sayo sabon gidan makulli kam. Ya ɗaure shi da igiya a jikin madubi, ya yi ta reto a nan shekara da shekaru.

Manu, taubashinmu, wanda ya taɓa tuƙa motar haya, ba ya ganinsa ya yi shiru. "Dabo, wagga laya da ka rataya, ta tsari ce ko ta farin jini?"

"Ta maganin bakin taubasai ce."

"To ba ta ci ba. Yaushe za ka sa shi?"

"Gobe."

Ni ma na yi magana har na gaji. Yakan ce, "Yaya, mota na tahiya, mi kike so kuma?"

Sai shekarar gubar dalma ta zo. A tsakar gida ake dakan dutsen zinariya lokacin, wasu ma a turmin da ake surfe. Ba mu san ƙurar na ɗauke da guba ba sai da ƙananan yara suka fara jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Da damina ta faɗi, labari ya iso cewa ana ba yara magani a Anka, kuma wanda aka kai da wuri ya fi samun sa'a.

Wata rana da hantsi Hure ta faɗo gidana ba mayafi. Autarsu Mardiyya, wadda ba a daɗe da yayewa ba, ta sanƙare, ido ya juye, haƙora sun datse. Na ce ina Dabo? Ta ce ya tafi Bukkuyum kallon wani sabon injin niƙa da ya ji an kawo. Ba saye zai yi ba, kallo. Kuma da babur ɗin maƙwabcinsu ya tafi, shi kaɗai ne babur ɗin da ya rage a garin, sauran duk suna bakin rami. Waya ba ta shiga a ƙauyenmu sai an hau tudu. Na tura a hau, layinsa bai shiga ba.

Mota tana nan a gindin bedi, da mai a cikinta. Aka kira Manu daga gona. Ya shiga ya zauna, ya dubi jajayen wayoyin nan huɗu, ya dube ni.

"Yaya, tuƙi na iya. Wanga kuwa sai mai shi."

Na ce ya gwada. Ya haɗa biyu, shiru. Ya haɗa wasu, rediyo ya kama surutu. Maza suka taru suka tura ta har bakin gari, Manu yana sakin kuloci tana tirjewa, ba ta kama ba, don wuta ba ta kai inji ba. Suka turo ta suka dawo. A gwaji na gaba ɗaya daga cikin wayoyin ta taɓa ƙarfen sitiyari. Sai tartsatsi, sai hayaƙi da warin roba. Kafin a cire kan batir, bakunan wayoyin sun narke sun manne da juna.

Muka yi ta kai da komo. Hure ta goya yarinyar za ta kama hanya da ƙafa, na tare ta, don rafi ya kawo kuma Anka ba nan kusa ba ce. Jijjigar takan lafa, ta dawo. Wani ya tafi neman amalanken shanu, ya tarar an fita da su huɗa. Azahar ta yi, ta wuce. Ni dai ina tsakanin ɗakin Hure da bakin hanya, ban iya zama ba.

Ana gab da la'asar Dabo ya shigo, da tsinken tsire a baki. Ba wanda ya yi masa bayani. Ya ga taron, ya ji kukan Hure, ya leƙa ɗaki ya fito, ya yi wajen mota. Ya yanke inda ya narke da wuƙa, ya fere bakunan da haƙori. Yanzu shi ma bai san su ba, don da tsawonsu da lanƙwasarsu yake gane su, kuma duk sun tafi. Wuƙar ta suɓuce masa ta faɗi.

Na ce, "Da wannan hannun ba za ka tuƙa ba, Manu zai tuƙa. In ta mutu a tsakiyar rafi kuma ba mai lalube. Ciro abin nan ka sa."

"Yaya, ba lokaci."

"Lokacin da ka ci ya isa. Ciro."

Ya tsinke igiyar madubin. Ya sa Manu ya mayar da kan batir, ya riƙa ɗan goga kowace waya a jikin ƙarfe. Wadda ta yi tartsatsi ya ce ita ce mai kawo wuta. Akwai zaren ɗinkin hula a ƙullin zanena, na ɗaura mata baƙi. Ya goga ta a ta biyu, inji ya yi gurnani, ya ce ta tayarwa ce, na ɗaura kore. Ta rediyo ta sami ruwan ɗorawa. Wadda ta rage ita ke kai wuta inji, na bar ta da janta. Aka sake cire batir, ya kwanta rigingine ƙafafu a waje, ya ɗaure kowace a mazauninta a bayan gidan makullin, ya naɗe da salatif. Ladan ya kira la'asar yana farawa. Kafin a idar da sallah Manu ya murɗa makulli, motar ta tashi.

Iyakar aikin ke nan, wanda ya yi shekaru yana cewa gobe.

A baya muka zauna, ni da Hure da yarinyar. Dabo ya ƙi shiga gaba, ya tsaya riƙe da ƙarfe har Anka. Motar ta faɗa ramuka, ta ratsa rafi, ba ta mutu ba. Manu bai tsokane shi ba ranar, kuma ban sake jin ya ambaci laya ba.

Mardiyya ta rayu. Ta yi makonni a asibiti. Yanzu budurwa ce, tana da hannun kitso, amma maganarta da nauyi, karatu kuma bai zauna mata ba. Ko da an kai ta da hantsi haka za ta kasance? Na tambayi ma'aikatan, suka ce ba wanda zai iya cewa. Dabo bai taɓa tambaya ba.

Kada a ce ya canza. Ya daina ɗaukar dutse a motar, shi ke nan. Tagar Hure na nan da buhunta. Ya fara kiwon kaji ya bari, ya haƙa rijiya ya tsaya a rabi. Sai dai ya buga ƙusa a zauren gidansa, ya rataye makullin a nan, ya kuma zaunar da duk wanda ya iya riƙe sitiyari a garin ya nuna masa zaren nan da abin da kowanne yake nufi.

Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ko a kwance bai natsu ba, yana ta cewa a juya shi, a buɗe ƙofa, a rufe. Ranar da maza suka taru duba shi, ya sa Manu ya tashe shi zaune. Ba ta gona ya yi ba, ba ta gida ba. Ya ce, "In zaren ya ƙoƙe, ku sa Yaya ta sake ɗaurawa. Makullin kuma ku bar shi ga ƙusa. Don Allah kada wanda ya sa shi aljihu ya tahi da shi wani wuri, ko ɗana ne."