Lallen karnukan mai gona

Abin da zan rubuta na daɗe ina riƙe da shi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na haifi 'yata ta biyu na iya rubuta sunana, don haka a yi haƙuri da ni.

A waɗancan shekarun muna zaune a wata gonar dabino, a Madina, can ƙarshen unguwar Harra ta Yamma inda gidaje suke ƙarewa, baƙaƙen duwatsu su fara. Malam, mijina, shi ne mai gadi. Ɗaki biyu aka ba mu a bakin ƙofa, mu da 'yan matanmu biyu, kuma mai gonar shi ne kafilinmu, takardun zamanmu a ƙasar suna hannunsa. Mutum ne mai son farauta. Da kaka ya kawo 'yan karnuka biyu irin dogayen nan masu siririn ƙugu, ja namiji da fara mace, ko shekara ba su yi ba. Aikin Malam ne ya fita da su kowace safiya su yi gudu. Mai gona kuwa ran Alhamis yake zuwa ya shafa haƙarƙarinsu ya ga ko sun yi kitse.

Da sanyi ya shigo, wata asuba Malam ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da muka dawo daga asibiti ya kama hannuna da na hagunsa.

"Uwar yara, kada ki gaya wa mai gona yadda abin yake. Ki ce zazzaɓi ne. Wata ɗaya zan miƙe."

Na gane abin da yake tsoro. In aka kawo wani mai gadin, ɗakin ya tafi, makarantar yara ta yi nisa, takardunmu ma sai abin da Allah ya yi. Na ce to.

"Karnukan fa, Malam?"

Ya dubi hannunsa na dama. Washegari na ɗauki igiyoyin.

Ni da tun ina yarinya in na hango kare sai in sake hanya. Da na buɗe musu suka yo kaina da murna, na ja da baya ina salati. Sanyin Madina ba ya ihu, a hankali yake shiga ƙashi. Ga abaya iska na kaɗa ta, ga ja ya nufi gabas, fara ta nufi yamma, ni a tsakiya kamar ana raba ni. Sau uku na faɗi a makon farko. In na dawo sai in wanke hannu sau bakwai, har da ƙasa. Malam ya ce a abin da ya karanta ba sai na yi haka ba, amma raina bai kwanta ba. Ruwan tanki kamar ƙanƙara, yatsuna suka tsattsage, igiya tana shiga cikin tsagar.

Maƙwabciyata, wata 'yar Cadi da mijinta ke aiki a gonar da ke kusa, ta tare ni wata safiya tana dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Hajiya! Mutane na zuwa Madina ziyara, ke kin zo kiwon kare? Wa ke jan wani a cikinku?"

"Su ke ja, ni ina bi."

"To in sun kai ki Yanbu bakin teku ki sayo mana kifi."

Da yamma sai ga ta da man kaɗanya a ƙaramin gwangwani, ta ce in shafa wa hannu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ni ke fita da karnukan ba.

Duwatsun Harra kaifi gare su, a sanyi kuma tafin ƙafar kare yakan bushe ya tsage. Na ga digon jini a inda fara ta taka. Malam ya ce mutanen daji lalle suke sa musu, yana ƙarfafa fata. To wannan kam na iya. Na kwaɓa lalle kamar yadda nake kwaɓa wa amare, na zauna a ƙofar ɗakin karnukan, na ɗora ƙafar fara a cinyata na ɗaure da tsumma. Ta lumshe ido. Ban san lokacin da na fara yi mata magana ba. Na gaya mata abin da ban iya gaya wa yara ba, cewa wata ɗaya ya wuce, hannun Malam bai motsa ba. Alhamis huɗu ina fita in tari mai gona a ƙofa, in ce Malam ya sha magani yana barci. Ya dubi jajayen ƙafafun karnukan ya ce madalla da mai gadi.

Abu ɗaya ne ban iya ba. Karnukan nan ba a yi su don tafiya a igiya ba, sai an sake su sun tsere. Malam yakan sake su, in ya so su dawo ya yi musu fito da baki, dogo ɗaya, gajere biyu. Ni kuwa an tashe mu a kan mace ba ta fito, kuma muryata ko a cikin gida sai an matso ake ji. Shi ya sa ban taɓa kwance su ba. Kullum ƙarfinsu na ƙaruwa, nawa na raguwa.

Wata Laraba zomo ya tashi a gabanmu. Yatsuna sun ƙage da sanyi, ban ma ji lokacin da igiyar fara ta sulluɓe ba. Na kira, iska ta kwashe. Na tattara leɓe na hura, iska ce kawai ta fita. Na ja jan muka koma gida, yana kuka yana waiwaye.

Malam ya ce a fitar da shi. Na ce sanyi, ya ce a fitar da shi. Ni da maƙwabciyata muka ɗora shi a kujera, muka lulluɓe shi da bargo, muka kai shi bakin duwatsu. Ya ɗaga kai ya ja numfashi. Leɓen bai haɗu ba. Ya sake, yawu ya zubo a gemunsa. Ya sake na uku. Jan da ke hannuna ya karkata kai yana kallonsa, yana jira.

Na sa gefen mayafina na goge masa gemu. Bai dube ni ba.

"Gobe in mai gona ya zo ki shigo da shi ɗaki," in ji shi. "Ya gan ni."

Farar ta dawo da kanta washegari da hantsi, tana ɗingishi, igiyar ta tsinke. Da mun so, da mun ci gaba da ɓoyewa. Na dubi Malam, ya girgiza kai.

Mai gona ya shiga, ya daɗe tsaye, sannan ya durƙusa ya sumbaci goshin Malam. Ya ce me ya sa ba a gaya masa ba. Ya tambayi wa yake fita da karnukan, na ce ni. Ya dubi hannuwana ya kau da kai. Bai yi faɗa ba, bai kuma taɓa takardunmu ba, Allah ya saka masa. Amma gona na son mai gadi. Ya ce mu zauna har sanyi ya wuce.

Sabon mai gadi ya zo bayan kwana goma. Kowace safiya muna jin fitonsa daga ɗaki, ba irin na Malam ba, amma karnukan suka koya. Malam ya ce a juya masa gado ya fuskanci bango.

Da zafi ya fara muka koma wani ɗaki a cikin unguwa. Ran da za mu tashi na kwaɓa ragowar lallen na sa wa fara, ƙafa huɗu, ko da yake tsagar ta riga ta warke. Malam bai ga wani sanyin ba, Allah ya jiƙansa.