Kakata da Eliyan

Ni fa ba ni na kai kaina cikin maganar nan ba, ja na aka yi, da kunne kuma. Wata Laraba ce a shekarar da aka buga kofin ƙwallon Afirka a Ghana, ina aji biyar a sukul, sukul ɗin ma a rufe. Ina tsugune bayan akurkin zabi ina binciken wanda ya sace ƙwai, na sa tsohuwar rigar ruwan Baba tana jan ƙasa, na kara gindin kwalba a ido irin na ɗan sandan ciki na fim, sai na ji an kama kunnena an murɗe. Mma ce, uwata. Sai da ta kai ni kicin ta tura ƙofa, sannan ta ce tunda Allah ya ba ni baki ya hana ni karatu, to yau bakin zai yi wa gida aiki. Aikin kuwa shi ne in lallashi kakata, Hajiya Adiza, ta yarda ta hau lori ranar Juma'a mu koma Salaga. Baba ya gwada ya kasa, limamin unguwa ya gwada ya kasa, wai ni Awudu ne zan iya, kuma da fim.

Wanda bai zauna Bawku a lokacin ba sai na yi masa bayani. Gari ya rikice, aka sa dokar hana fita, mu muna ce mata kafiyu. Da la'asar ta yi sai ka ga kowa yana gudu kamar hadari ya taso, mai koko ta kife tukunya, mai albasa ya ja buhu, mu yara a kora mu bohol, wato famfon burtsatse, mu cika jarkoki kafin motar soja ta fara zagaye. Daga nan sai a sa sakata. Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, ga mangwaro ɗaya, ga awaki, ga zabin nan masu ihu ba dalili. Tun muna jin daɗin rashin sukul har muka fara kewar bulalar tica. Muka yi ƙwallon leda har Hajiya ta ƙwace don ta faɗa mata cikin miya, muka yi ɓuya har ba sauran lungun da ba a sani ba, muka ƙirga ƙadangarun katanga muka raɗa musu suna. Maza suna sallar magariba a zaure, ga masallaci ana hango rufinsa amma ba halin zuwa. In an ji harbi daga nesa sai manya su kalli juna, in ka tambaya wa ya harba a ce ka je ka wanke ƙafa.

Abin da ya hana mu haukacewa shi ne Yaya Mumuni, ɗan hayar ɗakin ƙarshe. Yana da gidan bidiyo a bakin tasha, da kafiyu ta kashe masa kasuwa sai ya kwaso talabijin da dek da kwalin faya-fayai ya ajiye a baranda. Matsalar ita ce duk fina-finan da Turanci ne, kuma a gidan kaf ni kaɗai ne ba na jin kunyar cewa na iya. Haka na zama mai fassara. Turancina bai wuce na gaisuwa da neman izinin fitsari ba, amma abin da ban ji ba sai in cike da nawa, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Ɗan sandan ciki mai doguwar riga na sa masa Sajan Dogo, mai tuƙa jirgin da ke yawo tsakanin taurari na sa masa Alhaji Direba, ƙaton dodon da ke hura wuta kuwa Mai Suya. Cale, abokina, mun so finafinan nan paa, ba kaɗan ba. Na Sajan Dogo ya fi shiga ran manya, don a can duk wanda aka kashe sai an tara mutane a falo an nuna wanda ya kashe shi kafin a tashi, abin da ba a taɓa yi a garinmu ba. Mu yara kuwa na sama muke so. Alhaji Direba zai danna wani abu, ƙofa ta buɗe, ba katanga, ba sakata, ba motar soja, sai fili iya ganinka.

Hajiya ba ta kallo. Tana zama ne a kan kujerarta 'yar tsugunne, ta ba talabijin baya tana ɓarar gyaɗa, tana kiransa akwatin ƙarya, ni kuma tana kirana maigida, kamar yadda kaka ke tsokanar jika, ta ce ta auri raggon miji mai kan gwanda wanda ko cefane bai iya ba. Ran nan Mumuni ya sa wani fim da wasu halittu suka sauko daga sama, kawunansu kamar kabewa, yawu yana zuba, suna kama mutane suna haɗiyewa. Wani soja ya fito da gudu yana ihu, cikin ihun ya ce eliyan. Sai muka ji ɓarar gyaɗa ta tsaya. Hajiya ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta ce, "Maigida, wa suka kira eliyan?" Na nuna mata masu kan kabewa. Ta daɗe tana kallonsu, ta ce Allah sarki, su ma an zo kansu.

A ranar na gane cewa a duk Turancin duniya kalma ɗaya Hajiya ta sani, kuma ba a fim ta koye ta ba. Ta ba mu labari tana ɓarar gyaɗarta, ba ta ko ɗaga murya ba. Wai tana amarya da goyon fari gwamnatin wancan zamani ta ce duk eliyan ya bar ƙasar, eliyan kuwa su ne mutanen zango waɗanda iyayensu suka zo daga wani wuri. Ita a Bawku aka binne cibiyarta, amma babanta fatauci ya kawo shi daga ƙasar Hausa, shi ke nan ta zama eliyan. Aka loda su a lori da tukwane da tabarmi aka tsallaka da su iyaka. Can da aka ce garinsu ne, mutane suna dariyar Hausarsu suna ce musu 'yan Gwanja, jaririn kuma bai kai ƙarshen tafiyar ba, a bakin hanya aka haƙa masa. Da ƙura ta lafa suka dawo, suka tarar da wasu a ɗakinsu. Tun daga nan ko Garu aka ce ta je biki sai ta ce ƙafarta na ciwo. Makka kaɗai ta yarda ta je, shi ma don an rantse mata jirgin zai dawo.

To daga ranar fim ɗin nan ya zama nata. Kullum sai an sa, kuma ita tana goyon bayan masu kan kabewa. In ɗaya ya haɗiye soja sai ta ce wa ya aike shi, shi ya je har inda suke. Na yi mata bayani cewa waɗannan mugaye ne, mutane suke ci, ta ce haka aka ce da su ma, wai sun cinye kasuwa. Ta kuma tilasta mini in riƙa fassara gurnaninsu. Halitta za ta yi wani ƙugi kamar makwararar da ta toshe, ni kuma in ce, ya ce a yi haƙuri, yaransa ba su ci komai ba tun safe. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce ai ta ji. Abu ɗaya ne ba ta taɓa gani ba, ƙarshen fim ɗin, don kullum kafin a kai nan lokacin sallah ya yi ta ɗauki butarta.

Wannan ƙarshen Mma take so in yi aiki da shi. Cinikin albasar Baba ya mutu, Kawu Dauda mai doya ya aiko daga Salaga cewa akwai ɗakuna a gidansa, mu zo har gari ya huce. Baba kuwa ba zai tafi ya bar uwarsa ba, in ba ta hau ba ba mai hawa. A ƙarshen fim ɗin masu kan kabewa suna shiga jirginsu su tashi, don haka Mma ta ce in sa wa babbansu magana a baki, irin wadda za ta shiga ran tsohuwa. Na so in yi gardama, sai ta ce a Salaga yara suna buga ƙwallo a fili har isha, ba mai kora su. Gardamar ta mutu nan take. Ni a lokacin da za a ce in sayar da Sajan Dogo da Alhaji Direba a haɗe don in taka waje da yamma, da na sayar har da Mai Suya a matsayin gyara.

Ranar Alhamis Mumuni ya kunna da wuri. Duk gidan sun san shirin, kowa ya zauna yana wani kame-kame, Baba yana bakin zaure da carbi wai shi ba kallo yake ba. Da aka zo wurin, garin cikin fim yana cin wuta, babbansu ya tsaya a ƙofar jirgi ya buɗe baki yana gurnani, ni kuma na miƙe tsaye na gyara murya. Na ce ya ce, ya ku 'yan uwa, mai hankali ba ya zama inda ake harbi. Na ce ya ce tafiya ba gudu ba ce, za mu je wurin dangi mu sha iska, in ƙura ta kwanta mu dawo. Da na ga Hajiya ta ajiye gyaɗa sai kaina ya kumbura, na ƙara da cewa ya ce can inda za mu akwai doya, sakwara safe da yamma, kuma tsofaffi a gaba za su zauna kusa da direba. Nan Mumuni ya shaƙe da dariya ya ruga bayan gida yana tari. Jirgi ya tashi, ya zama ɗan ɗigo cikin taurari, rubutu ya fara hawa.

Hajiya ta kalle ni ta ce ashe eliyan ɗin nan ɗan Salaga ne. Baba ya taso ya tsugunna gabanta ya karɓi maganar. Ya ce Hajiya ki dubi yaran nan, sun zama kamar kajin da aka kife da kwando. Ya ce ba har abada ba ne, wannan karon ba korar mu aka yi ba, mu ne za mu tafi da ƙafarmu. Ta ce wancan karon ma cewa aka yi ba har abada ba ne. Mma ta sa baki, matar Mumuni ta sa, ni ma da na ga ƙwallon isha tana kuɓuce mini na ce haba Hajiya, ga shi waɗanda kike goyon baya ma sun tafi gida, ke me kike jira. Ta miƙe a hankali ta kama ni a wuyan hannu, ta ja ni tsakar gida inda mangwaro bai rufe sama ba. Magariba ta yi, taurari sun fara fitowa.

Lori ta tafi ranar Juma'a ba mu a ciki, na yi fushi da ita na kwana biyu har sai da ta saye ni da ƙuli-ƙuli. Kafiyu ta ɗaga, ta dawo, ta sake ɗagawa, a haka na girma. Yanzu ina Yendi, ina da ɗan teburi a bakin kasuwa ina zuba wa mutane finafinai a waya, kowa ya toshe kunne ya kalli nasa shi kaɗai, ba mai neman Awudu ya fassara masa gurnani. Ina fita lokacin da na ga dama, amma wani maraicen in na rufe teburi sai in tsaya ban san inda zan nufa ba, in ji ina kewar barandar nan da aka kulle mu. Hajiya tana maƙabartar Bawku, inda ta ce za a sa ta. Duk sanda wani yaro ya ce in zuba masa na eliyan, sai in ji hannunta a wuyan hannuna, ta ɗaga shi sama kamar a daren nan, duk gida suna saurare.

Ta ce, "Su suna da inda za su koma. Kai da ka iya Turanci, maigida, nuna mini wanne ne namu a cikin taurarin nan, in ɗauko tabarmata."